Waƙoƙin Uwaisu a Ƙunshin Ƙosai

Ƙanena Uwaisu ba mutumin da za ka gani a hanya ka waiwaya ba ne. Gajere ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, kuma tun yana saurayi yake tafiya kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Mutanen garinmu, Ɗorawar Liman, suna ce masa Malam na firamare, don su bambanta shi da Malam na sosai, wato mahaifinmu Malam Ja'afaru, mai makarantar allo a zauren gidanmu. Ni ce yayarsa, Sauda. Ni na goye shi, ni na sha kashinsa da fitsarinsa, saboda haka in na faɗi aibinsa ba mai cewa na yi masa ƙage. Nawa aibin ma zan faɗa, ba don ina so ba, sai don labarin ba ya tafiya in babu shi.

Aibin Uwaisu guda ɗaya ne. Yana rubuta waƙa da Turanci.

Ba waƙar da ake yi da kalangu ba, ba kuma irin ta wa'azi da Malam yake da su a rubuce da ajami ba, waɗanda mata kan rera suna daka. Tasa ta karantawa ce kawai. Layi ɗaya dogo, na biye gajere, rabin takardar fari fat ba komai. Ranar da na fara gani, cewa na yi wannan ai almubazzaranci ne, in ba shi da abin faɗa ya bar wa mutane takardarsu mana. Ya yi dariya ya ce ba zan gane ba. Na ce ai dama ban nema ba.

Shi kaɗai aka sa a boko a gidanmu. Lokacin da mai gari ya ce kowane gida sai ya ba da yaro guda, Malam ya yi kwana biyu yana jujjuya abin, sannan ya ba da Uwaisu, da sharaɗin kullum sai ya wanke allonsa ya yi sabon rubutu kafin ya rataya jakar makaranta. A haka ya sauke Alƙur'ani, a haka ya gama firamare, ya tafi kwalejin horon malamai a Kano, ya dawo mana da takardar shaida da wannan ciwo na waƙa. Aka ba shi aji a firamaren garinmu, ya yi aure, ya sayi keke.

Ciwon ya ƙara tashi ne shekarar da aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa mai suna Etim, daga can wajen Kalaba. Dogo ne, baƙi, mai yawan dariya. Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “na ƙoshi” ba, kuma ta biyun ƙarya ce, don malmala biyu yake tashi da ita in mahaifiyarmu Inna ta yi tuwon dawa da miyar kuka. Inna ta so yaron nan. Shi ma ashe mai irin ciwon Uwaisu ne. Kullum da yamma sai su shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar ƙofar gida, wannan ya karanta wa wannan, su yi ta musu da yaren da duk unguwar ba mai ji, har a kira magariba.

Wata rana Malam yana zaune a kan buzunsa a bakin zaure, ya kira Uwaisu. Ina daga ciki ina tsince shinkafa, ina jin komai. Malam ba mai faɗa ba ne, ban taɓa jin ya hana shi rubutun nan ba. Tambaya kawai ya yi masa.

“Wannan waƙa taka, wa kake yi wa?”

Uwaisu ya durƙusa ya shiga bayani, abinka da malamin makaranta. Ya ce ƙasar nan da aka ce tamu ce gaba ɗaya, yaruka sun fi ɗari a cikinta. Ya ce shi da Etim tuta ɗaya ce a kansu, amma ba don Turanci ba da ko gaisawa ba za su iya ba. Ya ce Bature ya tafi ya bar yarensa ne kamar yadda baƙo kan tafi ya bar tabarma, wanda ya hau kanta bai zama baƙon ba. Shi yana so mutumin Kalaba da na Ibadan su san yadda gonar gero take da yadda uwa take kwana da tunanin rumbu, su san nan ma ƙasar ce. Ya ce 'yan ƙasa yake yi wa.

Malam ya saurare shi har ya gama, yana jan carbi. Sannan ya ce, “To uwarka fa? Ita ba 'yar ƙasar ba ce?”

Aka kira salla, Malam ya tashi ya ɗauki butarsa. Maganar ke nan, ba a ƙara ba. Amma na san ƙanena, tambayar nan ta zauna masa a ƙirji. Daga ranar bai sake fito da takardunsa inda Malam zai gani ba. Etim ya gama shekararsa ya tafi, Inna ta ƙulla masa kuka da daddawa. Uwaisu ya ci gaba da rubutu a ɗaki, ƙofa a saye, sai ka ce mai shan wani abu.

Sai ga shekarar wahala. Wanda ya gan ta ba ya bukatar a gaya masa. Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, ruwa kuma ya ɗauke gero yana ciki. A wajenmu gona tana jikin gona ne, ba daji, ba inda za ka ce bari in ƙara sharewa. In ɗan abin da ke gabanka ya ƙi, shi ke nan. Mutane suka kai awakinsu kasuwar Ɗambatta suka dawo da abin da bai kai ya kawo ba. Sabulu ma sai an bi layi. Maza suka watse ci-rani, har da mijina Sabo, wanda ya nufi kudu ya bar ni da yara uku, na kwaso su na dawo gidanmu. Ana cikin haka aka rage malaman makaranta, sunan Uwaisu yana ciki. Ya dawo gida yana tura kekensa, da kwali ɗaya ɗaure a baya. Matarsa Maijidda tana garinsu wankan jego, ya ce gara ta ƙara kwana biyu a can, don nan ba abin da zai ba ta.

Ni kuwa ba na iya zama in zuba ido. Wake ya fi ƙarfinmu, sai na koma ƙosan rogo, ina toyawa ranar Laraba a 'yar kasuwar garinmu, wadda mutanen ƙauyukan kewaye suke ci. Matsalata abin ƙunshi ce. Da takardar siminti muke amfani, to wa yake gini a wannan shekara? Tsohuwar jarida ma ta zama sai mai gata. Da can Uwaisu yakan ba ni tsofaffin takardun jarrabawar yara in ya gama da su. A wajenmu kuwa kowa ya san takarda iri biyu ce. Mai rubutun Arabiyya ba a wasa da ita. Ta boko kuwa ta ƙunshin ƙosai ce da tsire da yaji, ba wanda ya taɓa jin nauyin haka.

Wata Laraba da safe na makara, mai ya yi zafi, yara suna kuka, Uwaisu ya tafi gona. Na shiga ɗakinsa na buɗe kwalin nan. A sama akwai wani damin takardu dogaye, an ɗaure da zare, a kife. Na ce madalla, jarrabawa. Ban juya su ba. Yadda na same su a kife haka na aza su a gefen tire, in mai saye ya zo in ja ɗaya, in ninka ta biyu rubutun yana ciki don kada tawada ta taɓa abinci, in zuba ƙosai, in barbaɗa yaji. Ranar kasuwa ta yi mini kyau. Kafin la'asar ba ƙosai ba takarda. Na dawo gida ina jin kaina, har na saya wa Inna goro.

Washegari Alhamis wani direban bas ya kawo wa Uwaisu wasiƙa daga gidan waya na Ɗambatta. Etim ne. Ya zama malami a can kudu, kuma shi da wasu suna tara waƙoƙin Turanci daga kowane sashe na ƙasar nan za su buga littafi guda. Sun samu daga ko'ina, amma daga wajenmu ba ko ɗaya. Ya ce Uwaisu ya aiko da ashirin kafin ƙarshen wata, kada a buga littafin ƙasa babu gonar gero a ciki. Uwaisu ya shigo gida yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kafin a sallame shi. Ya fassara mana wasiƙar a tsaye, Inna tana ta tambaya ko yaron ya yi ƙiba. Sannan ya shiga ɗaki.

Can ya fito da zaren nan a hannunsa, ya tambaya ko wani ya taɓa masa kwali. Na ce ni ce, na ɗebi takardun jarrabawa, ko yanzu sai na nemi izini? Ya dube ni. Wallahi har yau ban manta da kallon nan ba.

“Yaya, ba jarrabawa ba ce. Shekara tara ce.”

Waƙa arba'in da uku. Littattafan da ya fara rubuta su a ciki gara ta cinye tun daminar bara, shi ya sa ya zauna ya kwafe abin da ya tsira a takardu masu kyau, ya ɗaure. Babu wani kwafi a duniya. Wasu yana iya tuno rabinsu, wasu ko farkonsu ya manta.

Da ya zage ni da na ji daɗi. Sai kawai ya zauna a kan turmi yana naɗe zaren a yatsa yana warwarewa. Ni kuwa, halina ne, in na ji kunya sai in hau faɗa. Na ce wane irin mutum ne zai ajiye abu mai daraja a kwalin sabulu, me ya hana shi gaya wa mutane, shi komai a ɓoye kamar maye. Na yi ta yi, ba wanda ya tanka mini. Da na gaji na zaga bayan rumbu na yi kuka mai isata. Na ji tausayinsa, na ji haushin kaina. Aikinsa ya tafi, gonarsa ta ƙi, abu ɗaya da ya rage masa a duniya ni na zuba wa yaji.

Da yamma na yafa mayafi na tafi filin kasuwa. Na duba ƙarƙashin rumfuna, na tona juji da kara. Ga ganye, ga guntayen leda, ga tsumma, amma takardata ko ɗaya. Abin ya ɗaure mini kai, don bayan kowace kasuwa takardun ƙunshi har tashi suke yi a iska. Na ce to awaki sun riga ni. Na tsaya ina hararar wata akuya mai ciki kamar in shaƙe ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga maƙwabciyarmu Larai. Larai in ta shigo gida da sallama mai tsawo, to akwai magana. Ta gaishe da Inna, ta tambayi jikin kowa, sannan ta juyo kaina. Ta ce ita dai ba ta so ta faɗa ba, amma gari ya ɗauka. Ta ce da 'yar wani ce da sauƙi, amma 'yar Malam guda, wadda ta tashi a cikin alluna, ta rasa abin ƙunshe ƙosai sai bisimilla?

Na ce wace bisimilla, takardun boko ne.

Ta ce boko ne a ƙasa, amma a can sama, a tsakiya, akwai bisimilla da rubutun Arabiyya, ƙarama, a kowace takarda. Mijinta ne ya gani da ya warware ƙunshi zai lashe yaji, har ya ƙware. Ya goge ta, ya kai wa Malam tun jiya. Kuma ba shi kaɗai ba, yau a masallaci mutane da dama sun zo da nasu a aljihu.

Gabana ya faɗi, ya sake faɗuwa. Na farko don kunya. Na biyu don na san abin da ke biye. A wajenmu takardar da ke da sunan Allah ba a barin ta a ƙasa. Ko yaro ya gan ta zai ɗauka, ya cusa a tsagar bango ko a cikin jinka, in kuwa yana kusa ya kawo wa Malam. Shi ya sa ban ga ko ɗaya a kasuwa ba. Malam kuma yana da wata tsohuwar tukunya da yake tara irin waɗannan, duk Juma'a bayan la'asar ya kai bayan masallaci ya ƙona, ya binne tokar a inda ƙafa ba ta bi. Haka yake yi tun kafin a haife ni. Na ɗaga kai na dubi rana. Inuwar katanga ta riga ta kai bakin rijiya.

Na bar Larai da bakinta na faɗa ɗakin Uwaisu. Yana kwance yana kallon rufi. Na tambaye shi ko yana rubuta bisimilla a kan waƙoƙinsa. Ya ce wataƙila. Wai shi bai ma lura ba, hannu ne kawai. Tun yana wanke allo kafin ya tafi firamare, hannunsa bai iya fara rubutu ba sai da ita, ko lissafi zai yi. Na ce to tashi, takardunka suna wajen Malam, kuma yau Juma'a.

Ya tashi zaune, sai kuma ya koma. Ya ce ba zai iya ba. Shekara bakwai yana ɓoye wa Malam abin nan, yanzu ya je ya ce a fasa abin da addini ya ce a yi saboda waƙar Turanci? Ya ce in Malam ya ƙona, daidai ya yi. Na ce kai dai an yi ragon namiji, zauna nan, ni da na ɓata ni zan je. Ina fita na ji takunsa a bayana.

An riga an idar da la'asar. Tun daga nesa muka hango hayaƙi siriri yana tashi a bayan masallaci. Uwaisu ya tsaya cak. Ni ƙafafuna ne suka ƙi tsayawa, suka kai ni har wurin. Malam yana tsugune gaban tukunya, yana juya toka da ɗan kara, wuta ta gama cinye komai. Na zube a gabansa. Na ce Malam na yi laifi biyu, na wulaƙanta sunan Allah ban sani ba, na kuma kashe ƙanena da ransa.

Malam bai ɗago ba sai da ya haƙa ɗan rami, ya juye tokar, ya mayar da ƙasa ya daddanna. Sannan ya wanke ni tas. Ya ce mutum ba ya ɗaukar takarda bai juya ya ga fuskarta ba, ko da gobara ake yi. Ya ce yunwa ba ta ɗauke wa mutum ido. Ya ce in yi istigfari, in kuma bi gidajen da na sayar wa in ba su haƙuri. Ina ta cewa to, hawaye yana zuba. Da ya gama ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce mu biyo shi.

A zaure ya jawo akwatin littattafansa, wanda ko mu 'ya'yansa ba ma taɓawa. Ya buɗe, ya ɗauko alluna biyu da aka haɗa aka ɗaure da tsumma. Ya kwance. A tsakaninsu ga takardun nan, an warware su an shimfiɗa ɗaya kan ɗaya, an barbaɗa musu toka mai laushi don ta tsotse mai. Duk sun yi tabo, wasu har ana hango yatsa ta bayansu, ga jan yaji a gefe. Amma rubutun yana nan. Abin da ya ƙona ashe wasu guntaye ne na daban.

Na zauna daɓas a ƙasa ina hamdala, ina dariya, ina share hanci da mayafi.

Uwaisu ya durƙusa, ya ce ya zaci an ƙona.

Malam ya ce, “Abin da ba shi da mai shi ake ƙonawa.” Ya sa yatsa a kan bisimillar takardar farko. “Wannan hannun na san shi. Ni na kama shi na koya masa jan wannan harafin.”

Ya miƙa masa takardar ya ce ya karanta. Uwaisu ya karanta da Turancinsa, a hankali, yana tuntuɓe kamar ɗan aji ɗaya. Malam ya rufe ido yana saurare har ƙarshe. Ya ce bai ji ko kalma ɗaya ba, kuma ƙarshen layukan ba sa amsa juna yadda waƙa take yi, amma tana da tafiya, ba a banza aka jera ta ba. Sannan ya ɗaga murya ya ce a kira masa mai ɗakin. Inna ta zo ta tsaya a ƙofar zaure ta ciki, hannunta duk gari.

“To, faɗa wa uwarka abin da ka ce.”

Ban taɓa ganin mutum ya yi gumi irin na Uwaisu a ranar ba. Ashe waƙar a kan Inna ce, ya yi ta ne bayan girbin da bai zo ba. Ya shiga juya ta da Hausa, yana tsayawa yana neman kalma. Abin da na riƙe shi ne wannan:

Uwata tana shiƙa a bakin gona,
ta ɗaga faifai sama tana jiran iska.
Iska ta zo ta kwashe rabonta,
abin da ya sauko bai rufe gindin ƙwarya ba.
Ta dube shi, ta ce a kira yara su ci.

Ni dai na sunkuyar da kai, don ina wurin ranar da aka yi haka. Inna tana ta murza garin da ke hannunta. Can ta tambaya ko wannan ne za a aika wa su Etim. Uwaisu ya ce shi ne, in ta yarda.

Ta ce, “Wa ya gaya maka da faifai ake shiƙa? Da ƙwarya ake yi, faifai na bakace ne. Gyara, kada mutanen kudu su ce ban iya aiki ba.”

Ta juya ta koma wajen tukunyarta. Malam ya sa hannun riga ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suna motsi. Uwaisu ya ciro biro daga aljihu, a nan durƙushe ya soke kalmar ya rubuta wata.

Takardu goma sha bakwai ne a wajen Malam a ranar. Na bi gida-gida ina ba da haƙuri kamar yadda ya ce, ana ta yi mini tsiya, ana zaro mini su daga tsagar bango da cikin jinka da bayan madubi. Wani tsoho ya taho a kan jaki tun daga wani ƙauye na wajen Makoɗa ya kawo guda biyu a cikin hularsa. Wani kuma ya hana ni tasa ƙememe, ya ce ta riga ta shiga bangon zaurensa, albarka ce, ba ya cirewa. Kafin sati ya zagayo mun haɗa ashirin da tara. Sauran suna can cikin bangayen mutane, wataƙila har yau. Uwaisu ya zaɓi ashirin ya sake kwafewa, amma wannan karon a tsakar gida, yana karanta wa Inna kowace da Hausa tana gyara masa. Ta cire masa guda ɗaya gaba ɗaya, ta ce asirin gida ne.

Kada wani ya zaci daga nan ya zama wani abu. Littafin ya fito bayan shekara biyu, da waƙoƙinsa huɗu a ciki, aka aiko masa da kwafi biyu. Ya ba Malam ɗaya, Malam ya karɓa ya jujjuya, ya ce madalla, ya sa a akwati. Ba wanda ya zo daga birni neman Uwaisu. Ruwa ya dawo, Sabo ya dawo, aka mayar da Uwaisu aji, ya koyar har ya yi ritaya. Yanzu yana kiwon tumaki, yana rubutunsa, wani da Turanci wani da Hausa, kuma har gobe in na shiga ɗakinsa sai ya ce in riƙe hannuwana a baya.

Da Malam ya rasu, bayan an yi sadakar bakwai, muka buɗe akwatin don a raba littattafansa ga ɗalibai. Littafin nan yana ƙasa, a naɗe da ƙyalle. Uwaisu ya buɗe wajen waƙoƙinsa, sai na ga ya tsaya. Masu bugawa ba su sa bisimillar ba, dama ba wanda ya zaci za su sa. Amma a saman kowace daga cikin huɗun tana nan, da tawadar allo da alƙalamin kara, an ja ta a tsanake. Na leƙa ta kafaɗarsa. Hannun Malam ne.